Me ya sa kawunan da nake ginawa duk suke fitowa da fuska ɗaya?

Auwalu Kano:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar manya. Ina gina 'yan ƙananan mahaya doki irin na hawan sallah, tsawon kowane mutum bai wuce santimita 15 ba. Doki da sirdi da lifidi da rawani duk suna fitowa yadda nake so. Fuska ce ta tsaya mini. Dogari da ɗan sarki da mai algaita, in ka cire musu rawani ka jera kawunan, sai ka ce uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ga shi yanzu wani ya kawo mini hoton yayansa da ke hawa duk shekara, yana so in gina shi a kan dokinsa yadda duk wanda ya gani zai gane shi. Da Super Sculpey nake aiki, wato yumɓun roba na kanti da ake gasawa ya yi tauri. Ta ina zan kama?

Malam Garba Zariya:
Wa alaikumus salam Auwalu. Kafin in ce komai, gaya mini: in ka mulmula dunƙulen kai, mene ne abu na farko da kake sa wa hannu?

Auwalu Kano:
Ido, Malam. In na samu ido ya yi kyau sai in bi da hanci da baki.

Malam Garba Zariya:
To nan gizo ke saƙa. Ka bar ido zuwa ƙarshe. Kama ba a ido take ba, a ƙashi take. Ka tuna yadda kake gane abokinka daga nesa, da magariba, ko ta ƙeya ma, alhali ba ka ga ƙwayar idonsa ba. Abin da ka gane shi ne tsayin goshi, faɗin ƙashin kumatu, yadda muƙamuƙi ya sauko, da yadda haɓa ta fito ko ta shige. In ka ɗora idanu da hanci daban-daban a kan ƙoƙon kai iri ɗaya, mutum ɗaya za ka yi ta samu.

Ga yadda nake koya wa yara. Da fari ka dunƙula takardar alminiyam ta naɗe abinci a kan wayar ƙarfe, ka matse ta sosai, ka lulluɓe ta da yumɓu siriri, ka gasa. Ka samu abu mai tauri da za ka riƙe, wanda ba zai lotse ba in ka danna. A kansa za ka gina ƙoƙon kai tsurarsa: kwarmin ido biyu, tudun gira, ƙashin kumatu, muƙamuƙi. Babu leɓe, babu fatar ido, babu kunne. Ka ajiye shi kusa da hoton, ka ja da baya. In bai fara kama da mutumin ba a wannan matakin, kada ka ci gaba, domin duk adon da za ka ƙara ba zai kawo kamar ba.

Sannan awo. A babban mutum, idanu suna tsakiyar kai ne daidai, in ka auna daga tsakar ka zuwa haɓa. Kusan duk mai koyo yakan kai su sama, ya cinye goshi. Daga matsirar gashi zuwa gira, daga gira zuwa ƙasan hanci, daga ƙasan hanci zuwa haɓa, kashi uku ne kusan daidai da juna. Faɗin fuska ya kai ido biyar, tsakanin ido da ido kuma faɗin ido ɗaya. Kunne yana farawa daga layin gira ya ƙare a layin ƙasan hanci, kuma yana bayan tsakiyar kai in ka duba ta gefe. Ƙeya kuwa ita aka fi zalunta. Daga goshi zuwa ƙeya ya kusa kai tsawon kai gaba ɗaya, amma sai ka ga an gina fuska mai kyau an manna ta a kan kai shafaffe.

Bulus Jos:
Malam Garba, da girmamawa, ina ganin wannan awon ne ma zai ƙara masa matsala. Ya ce duk fuskokinsa iri ɗaya ne, ka kuma ba shi ma'auni ɗaya da zai bi a kowane kai. Ai sai su ƙara zama ɗaya.

Duk wanda ya shiga gidan tarihi na Jos ya tsaya gaban kawunan yumɓu na tsoffin mutanen Nok zai ga abin da nake nufi. Mutanen nan ba su bi kashi uku ko ido biyar ba. Ido mai kusurwa uku, an huda tsakiyarsa, kai ya fi ƙarfin jiki nesa ba kusa ba. Amma kowane kai da halinsa. Wani ka ga yana tunani, wani yana da izza, wani ciwo ne a fuskarsa. An yi su fiye da shekara 2000 da suka wuce, har yau kuma suna kallon mutum ya ji a jikinsa. Kan nan da aka samo a wajen Jema'a, wanda ya isa hannun Bernard Fagg, Bature mai binciken kayan tarihi, a 1943, kafin nan a gonar doya aka kafa shi yana korar dabbobi. Ba awo ne ya ba shi wannan kwarjinin ba.

Malam Garba Zariya:
Bulus, na ji daɗin da ka kawo Nok, amma ka duba abin da aka tambaya. Maginan Nok salo suke bi wanda al'ummarsu ta sani. Auwalu kuwa an ba shi hoton mutum guda, mai rai, da iyalinsa za su duba su ce shi ne ko ba shi ba ne. In misali daga ƙasar nan kake so, kawunan Ife sun fi kusa da aikinsa, na yumɓu da na tagulla, irin waɗanda aka tono a gidan Wunmonije da ke Ile-Ife a 1938. Ka dubi yadda tsoka ta kwanta a kan ƙashi a waɗannan fuskokin, yadda fatar ido ta rufa kan ƙwayar, yadda gefen baki ya ɗan lotsa. Wanda ya yi wannan ya zauna ya ƙare wa fuskar mutane kallo.

Kuma ban ce ya gina kowa a kan awon ba. Amfanin awo shi ne ka san inda mutumin ya saɓa masa. In ka san kashi uku ne, sai ka auna hoton ka ga na wannan mutumin kashin ƙasa ya fi tsawo, ko idanunsa sun fi kusa da juna. Wannan saɓanin shi ne kamarsa. Wanda bai san ma'aunin ba, ba zai ga saɓanin ba, sai hannunsa ya koma ga fuskar da ya saba ginawa.

Bulus Jos:
In haka kake nufi mun kusa haɗuwa. Amma ina nan a kan abu ɗaya: a ƙaramin aiki dole ka ɗan ƙara gishiri. In hancin mutum ya fi na kowa faɗi kaɗan, a kai mai santimita 2 wannan kaɗan ɗin ɓacewa yake. Sai ka ƙara shi ya wuce gaskiya kafin ido ya gan shi a matsayin gaskiya. Masu gina 'yan sojojin wasa na milimita 28 a Ingila da gangan suke ƙara girman kai da hannu, don in aka bi awon jiki sak, daga nesa fuskar ba ta ganuwa. Abin da maginan Nok suka fahimta ke nan tun tuni: ka zaɓi abu biyu ko uku ka fito da su da ƙarfi, ka bar saura.

Malam Garba Zariya:
Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma a yi lissafi kafin a ƙara. Mutum mai santimita 180 in ya koma 15, an rage shi sau 12 ke nan. Kansa zai zama ƙasa kaɗan da santimita 2. Milimita ɗaya a hannun Auwalu daidai take da santimita 1.2 a fuskar mutumin. Ka ƙara milimita ɗaya a hanci, ka ba shi hancin wani. Saboda haka ƙarin ya zama da bakin allura, ba da yatsa ba.

Maman Hanifa Kaduna:
Sannunku da ƙoƙari. Auwalu ƙanena, ni 'yan tsana nake yi wa yara, kuma ina da tambaya: hoto nawa aka ba ka?

Auwalu Kano:
Guda ɗaya ne Anti, ta gaba, shi ya ɗauki kansa da waya.

Maman Hanifa Kaduna:
Ka koma ka ce a sake. Hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannu ƙarya yake yi. Wayar tana kusa da fuska, sai hanci ya kumbura, kunnuwa su ɓuya, fuska ta tsuke. A tsaya kamar mita biyu daga gare shi, a jawo hoton da wayar, wayar kuma ta kasance daidai tsayin idonsa. A ɗauko ta gaba, ta gefen dama, ta gefen hagu, da kuma a karkace, rabi gaba rabi gefe. Ba hula, ba murmushi. Na gefe shi ne sarki. Ni da shi nake farawa: in buga shi a takarda daidai girman kan da zan gina, in yanke da reza, in riƙa kara yumɓun a jikinsa har layin goshi da hanci da leɓe da haɓa ya zauna. In layin gefe ya yi daidai, rabin aiki ya ƙare.

Sai madubi. Duk bayan ɗan lokaci ka ɗaga kan a gaban madubi. Idonka ya saba da karkacewar da ke hannunka, madubi ne zai tona ta. Ka kuma duba shi daga sama da daga ƙasan haɓa, nan za ka ga kunci ɗaya ya fi ɗaya.

Yusufa Damagaram:
Ina wuninku. Ni abin da ke ba ni mamaki, duk maganar nan a kan yumɓun kanti ake yin ta. Abu ne na roba, daga Amurka ko Jamus, da tsada, sai an yi oda an jira. Mu nan Mirriya tun kakanni ake gina tukwane, yumɓu yana ƙarƙashin ƙafarmu. Muna yara da shi muke gina shanu da raƙuma da dawaki a bakin tafki. Ladi Kwali da ke bayan naira 20 ɗinku da ƙasar gida ta yi suna har Turai. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Maman Hanifa Kaduna:
Malam Yusufa, gaskiyarka, kuma ni ma da shi na fara. Amma aikin tukunya daban, fuska mai santimita 2 daban. Magina suna zuba dakakken tsingaro ko yashi a yumɓu don kada ya fashe a wuta. A jikin randa wannan alheri ne. A fatar ido mai kaurin gashi, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta yage maka ita. Sannan yana tsukewa in ya bushe aka gasa, kusan kashi ɗaya cikin goma, wani ya fi, wani bai kai ba. In kan zai hau jikin da aka riga aka gama, sai ka ga ya yi masa kaɗan. Ga hunturu: kafin ka gama kunnen dama, na hagu ya bushe ya tsage.

Yusufa Damagaram:
Hajiya, duk wannan da maganinsa. Ki jiƙa yumɓun a bokiti ya narke ya zama ruwa-ruwa, ki tace da ƙyalle mai laushi, ki bar shi ya kwanta, ki tsiyaye ruwan sama. Abin da ya rage ki shanya a kan buhu har ya kai yadda za a murza. Babu yashi ko ɗaya, santsinsa ya fi na kanti. Maganar tsukewa kuma, ki gina ɗan sanda mai santimita 10, ki gasa, ki auna, kin san nawa yumɓunki ke ci, sai ki ƙara wannan a girman kan. Hunturu kuwa jiƙaƙƙen tsumma da leda sun ishe shi. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: kada a bar waya ko alminiyam a ciki, don yumɓu zai tsuke a kansu ya tsage. A rarake cikin kan ta wuya, a bar shi ya bushe a inuwa sarai kafin ya ga wuta. Ramukan da Bulus ya gani a ido da hanci da bakin kawunan Nok suna taimaka wa tururi ya fita lokacin gashi.

Malam Garba Zariya:
Ni shawarata ga mai koyo ita ce ya haɗa biyun. Ya yi atisaye da yumɓun Yusufa, da girma, kai kamar dunƙulen hannu, ya gina ya rushe ba tare da tunanin kuɗi ba. Wanda ke tsoron ɓarnar kaya ba ya koyo. In hannu ya san hanya, sai ya koma na kanti don aikin da za a biya shi.

Malam Nasiru Gusau:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, kuma ba zan ji daɗi ba in na wuce ban yi magana ba. Auwalu, ɗan'uwana, ka bincika hukuncin wannan aiki kuwa? Hadisan da suka yi gargaɗi ga masu yin surar abu mai rai suna cikin Bukhari da Muslim, kuma masu tsanani ne. Wani mai wannan sana'a ya je wa Ibn Abbas, ya ba shi shawarar in dole ne ya yi bishiyoyi da abin da ba shi da rai. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da aka fi tsanantawa shi ne wanda yake da jiki har yana da inuwa, kuma gaɓoɓinsa sun cika. Naka kuwa mutum ne cikakke a kan doki cikakke. Ba don in kashe maka kasuwa nake faɗa ba, don ina son ka ne.

Maman Hanifa Kaduna:
Allah ya saka da alheri Malam. Ni ma sai da na tambaya kafin in fara. Abin da aka karantar da ni shi ne an yi rangwame a kayan wasan yara, saboda Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har da doki mai fukafukai a ruwayar Abu Dawud. Shi ya sa na tsaya a kan na yara.

Malam Nasiru Gusau:
Haka ne Hajiya, wannan rangwamen sananne ne, malamanmu sun ambace shi. Amma abin wasan yarinya daban, surar wani mutum takamaimai da za a ajiye a falo ana dubawa daban. A nan ne nake jin tsoro. Auwalu ya je ya zauna da malamin da ya yarda da iliminsa, ya kwatanta masa aikin yadda yake, girmansa da abin da za a yi da shi, ya ji daga bakinsa.

Auwalu Kano:
Na gode Malam, kuma na ɗauki maganar da muhimmanci. In sha Allahu zan je wurin malaminmu kafin in karɓi kuɗin mutumin. Wasu daga cikin mahayan nawa dama wata makaranta ce ta nema don koya wa yara sunayen kayan doki da na sarauta, shi ma zan tambaya a kansa.

Mai kula da zaure:
Madalla da yadda aka yi wannan magana cikin mutunci. A zauren nan akwai Musulmi akwai Kirista, akwai masu yin na yara, akwai ɗalibai da aka ba aikin makaranta. Kowa ya nemi fatawa inda ya dace. A ci gaba da bayanin sana'a.

Sadiya Abuja:
Yaya Auwalu, tunda mahaya da yawa kake yi, me zai hana ka yi mazubi? Ka gina kai uku ko huɗu marasa ado, ɗaya dogo, ɗaya mai faɗi, ɗaya na dattijo, ɗaya na saurayi. Ka zuba musu silikon ka samu mazubi. Duk lokacin da kake son sabon mutum sai ka danna yumɓu a ciki, ka fito da shi, ka gyara hanci da gira da kumatu da hannu. Ba ha'inci ba ne. Sojojin yumɓun nan na Sin da manoma suka ci karo da su suna haƙa rijiya kusa da Xi'an a 1974, kusan 8,000 ne, kuma haka aka yi kawunansu: daga 'yan mazubai kaɗan, sannan aka bi kowanne da hannu aka sa masa gashin baki da kunne da gira nasa. Gargaɗi ɗaya, in da yumɓun mai wanda ba ya bushewa ka gina na asalin, ka tabbata babu farar wuta a cikinsa, don tana hana wani nau'in silikon daskarewa.

Bulus Jos:
Sadiya, don taron mahaya dabararki ta yi. Don mutumin da ke hoto kuwa, mazubi zai mayar da shi inda ya fito. A gina nasa daga ƙashi.

Sadiya Abuja:
Na yarda, shi ya sa na ce taron.

Auwalu Kano:
To Malam Garba, in ƙoƙon kan ya zauna, ya zan yi da ido? Nawa kullum kamar a firgice suke.

Malam Garba Zariya:
Saboda kana zana ido a kan fuska ne, alhali ido ƙwallo ne da ke zaune cikin rami. Ƙwayar idon babban mutum kusan milimita 24 ce. A ma'auninka milimita 2 ke nan. Ka mulmula ƙwallaye biyu daidai wannan girman, ka gasa su tukuna su yi tauri, ko ka nemi dutsen ado ƙanana masu girma ɗaya. Ka dasa su cikin kwarmin, ka duba ta sama ka tabbata zurfinsu ɗaya. Sannan ka murza yumɓu siriri ka ɗora fatar ƙasa, ka bi da ta sama. Ta sama ta fi kauri, tana rufe saman baƙin ido kaɗan, kuma a gefen waje ita ke hawa kan ta ƙasa. In farin ido ya bayyana a saman baƙin, firgita ke nan. Ka sauko da fatar sama, mutum ya natsu.

Baki ma haka. Leɓɓa ba a kan allo suke ba, sun naɗe haƙora ne. Ka fara sa ɗan tudu mai lanƙwasa a ƙarƙashin hanci, ka tsaga shi, sannan ka fitar da leɓe. Kusurwar baki ta shige ciki. A fuskokinmu da yawa wannan tudun ya fi fitowa gaba, karan hanci kuma bai cika tashi tsakanin idanu ba. Wanda ya koya daga bidiyon Turawa kawai yakan gina fuskar Bature ya shafa mata baƙin fenti, kuma kowa zai ga wani abu bai yi ba. Amma kada ka mayar da wannan ma wata doka. Bafulatani da Babarbare da Bagwari da Buzu ba ƙashi ɗaya gare su ba, a cikin gida ɗaya ma ana samun bambanci. Ka zauna a bakin kasuwa da ɗan littafi ka yi ta zana kawunan mutane ta gefe.

Shekaru kuma a ƙashi da tsoka suke, ba a yawan layi ba. Dattijo gefen goshinsa ya lotsa, kumatu sun sauko, layin da ya taso daga gefen hanci zuwa gefen baki ya yi zurfi, in haƙora sun zube ƙasan fuska ya gajarce. Yaro kuwa goshi ne babba, idanu sun sauka ƙasa da tsakiya, haɓa ƙarama.

Yusufa Damagaram:
Kada a manta da aska. Dattijon da aka haifa a da, da wuya ka same shi ba zane. Bille ko fashin goshi ko 'yan baka ko kalangu, ko zanen Gobirawa, ko dogayen layukan Barebari. In ka sa wa mutum askar da ba ta gidansu ba, ko fuskar ta yi kama iyalinsa ba za su karɓa ba. Ka tambaya, ka ƙirga a hoto.

Malam Garba Zariya:
Sosai. Kuma a yi ta a ƙarshe, da bakin allura mafi siriri, a taɓa kawai. Tabon da wanzami ya bari faɗinsa bai kai milimita biyu ko uku ba a fuskar gaske, to raba shi sau 12 ka gani. Wani lokaci ma gara a bar shi sai wajen fenti.

Maman Hanifa Kaduna:
Bari in ƙara da maganar zafi da gasawa, don Kano ba Jamus ba ce. Da bazara yumɓun roba yakan yi laushi har ya riƙa bin yatsa. Ka murza shi fale-fale, ka sa tsakanin farar takarda biyu ka danne da littafi ya kwana, takardar za ta tsotse man da ya yi yawa. In kana cikin aiki ya saki, ka ajiye shi wuri mai sanyi ya huta. Kada ka riƙe kan da hannu, ka kafa shi a kan tsinke ko ƙusa. Shatin yatsa kuma, ɗan burushi da digon sifirit na asibiti yana share shi, amma kaɗan, in ya yi yawa yana narkar da aikin.

Wajen gashi ka bi abin da ke jikin kwalin. Super Sculpey digiri 130 ne, minti 15 ga kowane kaurin milimita 6. Fimo, wani yumɓun roban na daban, digiri 110, minti 30. Ba lallai ka gasa sau ɗaya ba: gasa ƙoƙon kai, ƙara fuska ka gasa, ƙara kunne da gemu ka sake gasawa, ta haka ba za ka lalata abin da ka gama ba. In babu wuta, tukunya da yashi a ƙasa irin yadda muke gasa kek tana yi, amma sai da ma'aunin zafi a ciki, a rufe kan da takardar alminiyam, kuma tukunyar ta bar girki har abada. In ya ƙone hayaƙinsa guba ne, a buɗe taga a fita. Masu tafasa shi a ruwa su sani ruwa ba ya wuce digiri 100, zai yi tauri a waje amma bai gasu ba, watarana kunne zai ɓalle.

Bulus Jos:
Don gemu da rawani da amawali ni na fi son mai haɗi biyu, Milliput ko Green Stuff, wanda ake cuɗawa ya daskare da kansa ba wuta. Kana da kamar awa ɗaya zuwa biyu kafin ya ƙi. Ka jiƙa bakin kayan aikinka da ruwa don kada ya manne, ka sa safar hannu wajen cuɗawa don yana sa wa wasu ƙaiƙayi. Kada ka ɗauki irin wanda makanikai ke liƙe tanki da shi, cikin 'yan mintuna yake zama dutse. Kuma ka gina kan cikakke da ƙeyarsa kafin ka naɗa rawani, in ba haka ba rawanin zai zauna kamar babu kai a ciki.

Sadiya Abuja:
Fenti fa? Ni nan nake ganin ana kashe aiki mai kyau.

Maman Hanifa Kaduna:
Akrilik kawai. Fentin mai da na feshi da yawa ba sa bushewa a kan yumɓun roba, sai ya yi ta danƙo. Kuma kada a taɓa baƙi tsantsa a fata. A fara da ruwan ƙasa mai duhu, a ɗiga ja, a inuwa a ƙara ɗan shuɗi. Inda haske ke sauka, goshi da karan hanci da saman kumatu, a ƙara ruwan goro kaɗan, ba fari ba, fari yana sa fata ta yi toka. A tsinka fentin da ruwa a yi ta shafawa sau da yawa, don shafi ɗaya mai kauri zai cike fatar ido da askar da aka sha wahala a kansu. Farin ido a karya shi da ɗan ruwan ƙasa. A rufe da banish marar ƙyalli, sai digo ɗaya na mai ƙyalli a kan ƙwayar ido da leɓen ƙasa.

Malam Garba Zariya:
Kafin fentin fata, a fara shafa masa fenti mai launin ruwan toka bai ɗaya, a haska shi da tocila ta gefe. Duk wani kaushi ko tsaga zai fito, a goge da takardar yashi mai laushi. Kuma a bar wuya da ɗan tsawo fiye da buƙata, a huda shi a sa waya, don a gwada yadda kan zai karkata a kan kafaɗa kafin a yanke. Mahayin da ke jinjina, kansa a ɗage yake, haɓa gaba. Mai algaita kuwa kumatunsa a cike suke, wuyansa ya kumbura, sai a gina masa nasa tun daga ƙashi da bakin algaitar a ciki.